Tsandon Kurmin Baba Hamman

Ku gama dariyarku tukuna, ina jira. Na san abin da ke ba ku dariya: mutum da gemunsa fari fat, a tambaye shi aikin da ya yi a duniya, ya ce kamun ƙuda. Kai mai jar hula da ka ce ko ƙanwarka tana kamawa da tafin hannu, tashi ka je wajen mahauta ka kamo mini ɗaya, ka faɗa mini danginsa da garin da ya fito. In ka iya, na sauka daga bencin nan ka hau ka ba da labarin.

Na shiga aikin ne a shekarar ƙuri'ar farko, wadda aka tambaye mu mutanen nan ko da Najeriya za mu zauna. Mahaifina ɗan Barno ne, kanwa da fata yake sayarwa a kasuwar Mubi. Ya so in gaje shi, amma ciniki ya ƙi zama a kaina. Da ya gaji sai ya ja ni ofishin dabbobi ya damƙa ni ga wani Malam Garba, mutumin yamma, siriri, marar yawan magana, wanda ya yi shekaru yana bin ƙudan tsando a ƙasashen da ciwon barci ya yi ɓarna. Tsando kun dai ji sunansa. Shi ne ƙudan da ke sa wa shanu sammore, su rame su mutu, a wasu wuraren ma ya sa wa mutum ciwon barci.

Aikin farko da ya ba ni, ya zube matattun ƙudaje a kan faifai ya ce in rarraba. Na ware manya gefe, ƙanana gefe, na koma na zauna ina jin na iya. Ya duba, ya sa yatsa ya cakuɗa su, ya ce, "Yaro, kai in aka ce ka raba mutanen kasuwa dangi-dangi, dogaye da gajeru za ka ware?" Haka muka yi ta yi kusan damina guda. A faifan nan akwai ƙudan gida, akwai bobuwa mai manyan idanu wadda ke sa saniya ta tsinke igiya, akwai ɗan mitsitsin baƙin ƙuda na bakin ruwa mai gudu wanda ke makantar da mutanen ƙauye, akwai wani falalle da ke maƙale wa doki a ƙarƙashin wutsiya. Duk ba su ne namu ba, amma dole ka san su, don kada ka tayar da hankalin gari a kan bobuwa.

Namu in ya sauka, fiffike ɗaya yake ɗorawa kan ɗaya kamar almakashi a rufe, bakinsa tsinke ne miƙe a gaba. In ka ɗaga fiffiken ga rana, za ka ga zanen gatari a tsakiya. Da ka ga gatarin nan ba sauran gardama. To shi ma tsandon, gida uku ne. Akwai na rafi, ƙarami, wanda ba ya nisa da inuwar bakin ruwa. Akwai na daji, wanda ke zaune inda namun daji suke, yana kuma bin garke tafiya mai nisa. Akwai na babban kurmin kudu, ƙato, wanda ni dai ban taɓa ganinsa da rai ba, sai soke a kan fil cikin akwatin ofis. Na rafi da na daji a ƙafar baya ake gane su: na rafi ƙarshen ƙafarsa baƙi ne gaba ɗaya, na daji kuwa gaɓoɓin ƙarshe ne kawai baƙaƙe. Ku da ke cewa aikin banza ne, ku gwada duba ƙafar ƙuda da gilashi a tsakar rana, gumi na shiga muku ido, 'yan'uwansa na cizon ku a wuya.

Malam Garba ya ce mini duk duniya da wuya a sami tsando in ba a ƙasashenmu na baƙar fata ba. Turawan ofis ma a nan suka fara ganinsa. A cikin ƙasashen namu kuma kowane gida da yankinsa, kuma Mubi ba ƙasar tsando ba ce sosai, zafin bazararmu ya fi ƙarfinsa sai in ya sami inuwa mai kauri da laima. Saboda haka duk wanda muka kama a nan, tambaya ɗaya Malam yake yi: ɗan ina ne? Baƙo ne da ya hau bayan saniya daga kwarin Binuwai ko daga bayan duwatsu, ko kuwa a nan uwarsa ta haife shi? Ranar da ya fara cewa "haife" na yi dariya kamar yadda kuke yi yanzu. Ashe gaskiya ne, macen tsando ba ta zuba ƙwai. Tsutsa ɗaya take haifa, tsutsar ta nutse cikin ƙasa mai laushi a gindin itace, ta ƙulle cikin baƙin kwanso, bayan kamar wata guda ƙuda ya fito.

Kayan aikinmu ba su da yawa. 'Yar raga da muke ɗinkawa da kanmu da yadin gidan sauro, kwalabe da auduga mai magani a ciki, gilashin dubawa, rariya da fartanya don tankaɗe ƙasa a nemi kwanso, da baƙin bargo da mutum biyu ke ɗauka a kan gora suna tafiya a hankali, don tsando na son abu mai motsi. Sai keke. Kekena ya ci hanyar Lamorde, ya ci ta Muchalla, wani wuri shi ke ɗaukata, wani wuri ni ke ɗaukar sa a ka in haye mayo, wato rafi. Ragar nan kuwa ba yadda kuka ga dama ake kaɗa ta ba. Daga ƙasa ake zuwa masa a hankali, a juya wuyan hannu a rufe bakin ragar. Ka zo masa daga sama, ya tafi, ka bar mutane suna kallon ƙato yana dukan iska.

Makiyaya su ne masu zuwa wajenmu. Bafulatani zai yi tafiyar yini da ƙuda ƙulle a bakin zane, ya kwance a gabanka ka tarar ya murƙushe shi ya zama gari. Wani ya taɓa kawo mini bobuwa ya rantse tsando ce, da na ce ba shi ba ne ya ɓata rai, ya ce ashe gwamnati ma tana ɗaukar makafi aiki. Na ce, "Baffa, gode wa Allah za ka yi, ai ni albishir nake maka." Bai gode ba. Washegari kuma ya aiko mini da kindirmo.

Shekarar da ta fi mana muni ta zo bayan ƙuri'a ta biyu da 'yan shekaru, Turawa sun fara tafiya, likitan dabbobinmu ɗan ƙasa ne. Da kaka shanun noma suka fara faɗuwa a wasu ƙauyuka na wajen Gella. Gashi ya tashi, ido na hawaye, ƙashin haƙarƙari a waje. Sammore ne, ba sai an kira kowa ya faɗa ba. Aka tura ni da Malam Garba mu nemo inda ƙudan yake kwana. Muka bi mayo daga ƙasa muna hawa, duk bakinsa fili ne da gonaki, sai wuri ɗaya tak inda itatuwa suka haɗe sama suka yi duhu. Wannan shi ne kurmin Baba Hamman.

Baba Hamman dattijo ne manomi, haifaffen wurin, kakanninsa ma nan suke. Kurmin gadonsa ne. Akwai maɗaci, kanya, ɓaure, tsamiya, da mangwaron da shi ya dasa da hannunsa, kusan kowace bishiya da amyar zuma a kanta. Da zuman nan yake riƙe gidansa, da shi ya aurar da 'ya'yansa. Ƙasan kurmin ruwa ba ya ƙafewa ko da bazara, matan ƙauye can suke ɗiba. Kuma tun zamanin ubansa ba a taɓa hana matafiyi inuwar wurin ba. Garken da ke dawowa daga kudu, da na fatake da ke gangarowa daga bayan duwatsu zuwa kasuwar shanu ta Mubi, duk nan suke yada zango su sha ruwa. Shi da kansa yake fitowa ya yi musu sannu da zuwa da Fulatanci.

Dokar aikinmu a lokacin a sarari take. Inda tsando ya yi gida, sare wurin ake yi, rana ta shiga ta ƙone shi. Ba mu da wani magani sai gatari.

Mun kama su a kurmin tun ranar farko. Yawancinsu na daji ne, Malam ya duba ƙafa ya ce waɗannan baƙi ne, garke suka biyo, ba za su kai bazara ba. Amma a cikinsu akwai mace ɗaya ta rafi. Ita ce ta sa Malam ya daɗe yana juya kwalbar. Mun tankaɗe ƙasa a gindin itatuwa har yatsunmu suka yi kanta, ba mu sami kwanso ko ɗaya ba. Rashin samu kuwa ba hujja ba ne, kurmi da faɗi, kwanso bai kai ƙwayar wake ba.

Baba Hamman yana tsugune yana kallonmu. Hausarsa irin ta kasuwa ce, a gajarce yake magana. Ya ce, "Malam, za ku sare?"

Malam Garba ya ce, "Baba, ba mu sani ba tukuna. In baƙo ne, itacenka na nan. In ɗan gida ne, sai haƙuri."

"Yaya za a sani?"

"Sai an hana shanu shiga nan gaba ɗaya, rani da bazara. In mun dawo kafin ruwan farko ba mu sami kowa ba, to da ma garke ke kawo su."

Likitanmu ya yarda da haka, ya sa aka yi wa shanun ƙauyen allura, ya ce a jira. Wahalar jiran kuwa a kan Baba Hamman ta faɗa. Mutumin da bai taɓa korar baƙo ba, shi ne ya saro ƙaya ya kewaye kurminsa. Shi ne yake tsayawa a bakin hanya da tsakar rana yana cewa makiyayin da ya san ubansa ya wuce gaba da shanunsa masu ƙishi. Wasu sun fahimta, wasu sun zage shi, wani ya ce masa tsufa ya sa shi rowar inuwa. Duk lokacin da na biya da keke na tarar ya ƙara ramewa. Ya taɓa ce mini, "Ɗana, kunya zai kashe ni kafin ƙuda ya mutu." Amma ko akuya bai bari ta shiga ba.

Mun dawo a ƙarshen bazara, hadari na haɗuwa yana watsewa. Muka yi kwanaki muna zaga kurmin da bargo safe da yamma, muna tankaɗe ƙasa, ba komai. Bobuwa dai, da ƙudan gida. Matar Baba tana aiko mana da tuwo da zuma a ƙoƙo. Malam Garba, da ba ya faɗin abu sai ya tabbata, ya ce masa da yamma, "Baba, gobe za mu yi zagayen ƙarshe. In mun fita lafiya, zan gaya wa likita a bar maka wurinka."

Da safe sai ga Baba Hamman ya fito cikin babbar rigarsa ta shuni, wadda ba ya sawa sai da salla ko ɗaurin aure. Sabon bugu, tana ƙyalli. A wajensa ranar girma ce, baƙin gwamnati za su yanke magana a kan gadon ubansa, ba zai tarbe ta da rigar noma ba. Ya ce yau shi zai shige mana gaba. Na dubi Malam, Malam ya dube ni. Mu mun san abin da shi bai sani ba: ba launin da tsando ke so kamar shuɗi mai duhu, ya fi son sa a kan tsohon bargonmu da rana ta cinye nesa ba kusa ba. Na matsa na raɗa wa Malam ko in ce ya canja riga. Ya ce, "Kai za ka ce wa dattijo ya tuɓe a gonarsa? Kuma in akwai shi a ciki, ai shi muka zo nema."

Muka shiga, shi a gaba, ni a bayansa da raga, Malam da bargo da wani mutumin ƙauye a baya. Yana tafe yana nuna mana itatuwa, wannan ubansa ya hana a taɓa, wancan zumansa ya fi na kowa zaƙi. Mun kusa fita ta ɗaya gefen, har ina hango hasken gona, sai na ga abu ya sauka tsakanin kafaɗunsa. Fiffike ɗaya kan ɗaya.

Gaskiya ban so ganinsa ba, don na so tsohon nan. Na ce, "Baba, tsaya. Kada ka motsa."

Ya tsaya. Ya yi watanni yana kallon aikinmu, ya san dalilin da zai sa yaro kamata ya ce wa babba kada ya motsa. Kafaɗa ɗaya zai girgiza, ko ya yi kamar tari ya kama shi, ƙudan ya tashi, ba wanda zai ce ya yi da gangan. Ni ma ba zan iya rantsuwa a kan abin da ban kama ba. Bai ko ja numfashi da ƙarfi ba. Na kawo ragar daga ƙasa na shafi bayan rigar na rufe.

Malam Garba ya karɓa ya duba ƙafa. Na rafi ne. Sannan ya yi abin da ke raba gardama. Ya riƙe shi tsakanin yatsu, jikin laushi tuɓus, ciki fari ba ɗigon jini. Ya ɗan matsa kan a hankali, sai wata 'yar jaka ta kumburo a goshinsa, wadda da ita yake fasa kwanso ya huda ƙasa ya fito. Ƙudan da ya kwana biyu a duniya ba ya yin haka, jakar ta riga ta shige ta bushe. Wannan jiya ko yau ya fito, bai taɓa cizon kowa ba. Kuma rabon kurmin da saniya tun kaka.

Baba Hamman ya juyo ya ce a nuna masa. Malam ya ɗora masa a tafin hannu. Ya daɗe yana kallo.

"A nan aka haife shi?"

"A nan, Baba."

"To."

Ya miƙa wa Malam, ya kaɗe hannunsa a jikin rigar. Abu ɗaya ya roƙa, a ba shi lokaci ya sauke amyarsa da kansa kafin masu gatari su zo, aka ba shi. Ranar sara ni ke nuna wa leburori inda za su bi. Manyan maɗatai kaɗan da rassansu ke can sama muka bari, sauran duk aka kwantar, har mangwaron. Da aka gama, mutum na tsaye a gonar wannan gefe yana ganin na wancan gefe. Sammore ya ja baya a ƙauyukan, wannan gaskiya ne, aikin ya yi abin da aka yi shi dominsa. Ruwan gindin kurmin kuwa bazarar da ta biyo ya ƙafe, zuman ma ya gudu, don amya a kan itacen da ba inuwa ba ta riƙe ƙudan zuma. Baba ya koma ga dawa da gyaɗa kamar kowa.

Damina biyu bayan haka aka kawo mana famfon feshi, irin wanda ake goyawa a baya. Aka koya mana fesa magani a gindin itace da ƙasan rassa, daidai inda tsando ke hutawa. Malam Garba ya riga ya koma garinsu, ni ne babba. Aikin farko da aka ba ni da famfon, wani ƙaramin kurmi ne a kan mayo ɗin nan dai, gaba kaɗan da gonar Baba Hamman, inda aka sake samun na rafi. Muna cikin feshi sai na gan shi tsaye a bakin hanya da fartanya a kafaɗa. Na sauke famfo na je na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa, ya tambayi Malam, ya tambayi mutanen gida. Sannan ya nuna kurmin da haɓa.

"Akwai shi a ciki?"

"Akwai, Baba."

"Ɗan gida?"

"Ɗan gida."

"Yaushe masu gatari za su zo?"

Na ce, "Ba za su zo ba, Baba. Yanzu ba a sara."

Ya dubi famfon da ke jingine a gindin kanya, ya dubi itatuwan tun daga ƙasa har sama. Ya ce in koma bakin aikina kada rana ta yi mini, ya gyara fartanyarsa ya gangara gona.